Jirgin da ya hau sama: daga kafinta na Siyatil zuwa alhazan Adar

A ajinmu na ilimin harsuna a Yamai, malam ya taɓa ce mu kawo kalma guda wadda ma'anarta ta yi tafiya. Ni "jirgi" na kawo. Asali jirgi na ruwa ne, kwalekwale. Da Bature ya shimfiɗa dogo aka ce jirgin ƙasa, da wani abu ya ratsa gajimare aka ce jirgin sama. Mu a Barmu ba mu da kogi, jirgin da muka fara sani shi ne wanda ke barin farin zare can bisa kawunanmu.

Abin da ya ba ni dariya, kamfanin Boeing ma daga ruwa ya fito. William Boeing ɗan kasuwar katako ne a Siyatil ta Amurka. A 1910 ya sayi wani wurin sassaƙa jiragen ruwa, a nan ne kuma daga baya kafintoci suka riƙa haɗa mashi fukafukan katako da yadi. Jirginsa na farko, a 1916, a kan ruwa yake tashi yake sauka. To ka ji, Bahaushe bai yi kuskuren suna ba.

Shekara tara bayan haka, a Nuwamban 1925, jirage uku na sojan Ingila da suka taso daga Masar suka sauka a Kano. Amma wannan bai taɓa rayuwar talaka ba. Kakata ta ce min kawunta ya bar Adar da jaki zai je Makka, ta Cadi da Sudan, yana tafe yana ƙwadago. "Maigidana," in ji ta, haka take tsokanata, "shekara bakwai mutumen nan ya yi, da ya komo ɗiyansa ba su gane shi ba. Wasu ko sun tahi ke nan." Zuriyar waɗanda ba su dawo ba suna nan a Sudan har gobe, suna Hausa.

Abin da ya karya wannan doguwar hanya shi ne manyan jirage, musamman Boeing 747, mai tozo kamar raƙumi, wanda ya fara tashi ran 9 ga Fabrairu 1969, yana kwasar mutum sama da 400 a sawu guda. Kuma akwai Bahaushen da ya ƙwallafa rai sai ya mallake shi: Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo, Jarman Kano. A 1980 ya kafa Kabo Air, lokacin da sararin Najeriya kusan duka na kamfanin gwamnati ne, Nigeria Airways. Ku duba ƙarfin hali! Jirgi ba tirela ba ne da za ka ajiye a gareji in kasuwa ta mutu. Ko yana ƙasa kuɗi yake ci: inshora, matuƙa, gyara, kayan gyaran kuma da dala. Ɗankabo ya bi ta hanyar da ta yiwu, ya sayi jirage na hannu, 727 sannan 747, ya sa sunan garinsu a jikinsu, ya riƙa jigilar alhazai zuwa Jidda.

Ya rasu a 2002, shekarar da Air Afrique, wanda Nijar na cikin ƙasashen da suka kafa shi a 1961, ya durƙushe. Nigeria Airways ya bi baya a 2003. Kabo ya ci gaba da tashi bayan mai shi, amma ƙarfinsa ya yi ta raguwa. Sai Alhaji Ɗahiru Mangal na Katsina ya fito da Max Air a 2008, shi ma da 747, kuma alhazan Nijar da yawa a jiragensa suka sauke farali.

Nan ne abin ke ɗan sosa min rai. Ƴan Adar sun iya nema, daga Abijan har Libiya ba inda ba mu da shago, Tawa kuma tana da filin jirgi. Duk da haka maniyyacinmu sai ya hau mota fiye da kilomita 500 zuwa Yamai, ya shimfiɗa tabarma yana jiran jirgin maƙwabta.

A Janairun 2023 Boeing ya miƙa 747 na ƙarshe, na 1,574, ya daina ƙera shi. Da na gaya wa Kaka, sai ta ce: "To, mu da mi za mu tahi?" Kuɗin kujerarta dai har yanzu ana tarawa, tumaki biyu suka rage a sayar.