Asalin Kalma: Gidan Tarihi

Kalmar "tarihi" ta shigo Hausa ne daga Larabci, "ta'rikh", wadda asalinta ke nufin ƙayyade kwanan wata kafin ta koma nufin labarin abin da ya shuɗe. Da Bahaushe ya haɗa ta da "gida", sai ya samar wa ma'ajiyar kayan kakanni suna. A Garwa, inda Faransanci ke yawo a bakin 'yan boko, ana jin "mize", kalmar da ta samo asali daga Girkanci. Amma "gidan tarihi" ta fi dacewa, musamman idan mutanen gari ne ke kula da wurin don sa kai, domin gida yana da masu shi.

Wani zai ce tarihi labari ne, ba takobi ko akushi ba. Gaskiya ne, sai dai kaya ba ya magana sai an ɗaura masa lokaci. Tsohuwar bindiga ƙarfe ce kawai, har sai an danganta ta da 1915, shekarar da sojojin Ingila da Faransa suka ƙwace Garwa daga Jamusawa. Nan ma'anar farko ta dawo.