Diyyar Rauni a Bakin Aiki a Ƙasar Ingila

Cikin 1837 wata babbar kotu a London ta yanke hukuncin da ya daɗe yana danne talakawan Ingila. Wani yaron mahauci ne, Charles Priestley, ya hau keken dokin maigidansa, an labta wa keken nama fiye da kima, ya karye a hanya, yaron kuwa ya karye a cinya. Kotun farko ta ba shi fam 100, amma da aka ɗaukaka ƙara sai alƙali Lord Abinger ya rushe hukuncin. Daga nan alƙalai suka kafa ƙa'ida cewa in sakacin abokin aiki ne ya jawo rauni, to, babu ruwan mai masana'anta. A ramin kwal ko a layin dogo, da wuya a sami hatsarin da ba za a iya jingina shi ga wani abokin aiki ba.

Jamus ce ta fara warware wannan ƙulli cikin 1884, zamanin Bismarck, ta ɗora wa masu masana'antu biyan inshorar hatsari. Ingila ta bi baya cikin 1897 da dokar da Joseph Chamberlain ya tsaya mata. Ma'aikaci ba ya bukatar tabbatar da laifin kowa, muddin dai a bakin aiki ya ji raunin. Ana ba shi rabin ladansa na mako, amma kada ya wuce fam 1, makonni biyun farko kuwa ba a biya. In ya mutu a ba iyalinsa ladan shekara uku, tsakanin fam 150 da fam 300. Sai dai dokar ba ta game kowa ba. Magini, alal misali, sai in ginin ya haura ƙafa 30, sai ka ce wanda ya faɗo daga ƙafa 29 a kan auduga ya sauka. Cikin 1906 aka faɗaɗa ta, aka kuma sa cututtuka shida, ciki har da gubar dalma da ta zaiba.

Aibin tsarin shi ne kuɗin daga hannun maigida yake fitowa, ko daga kamfanin inshorarsa, mai lauyoyi da lokacin jira. Mai rauni ba shi da ko ɗaya. Da yawa yunwa ta sa suka karɓi ɗan kuɗi a dunƙule suka sa hannu, bayan shekara guda ba kuɗin ba lafiyar.

Rahoton William Beveridge na 1942 ya soki wannan hali, sa'an nan James Griffiths, ministan da shi kansa ya yi haƙar kwal a Wales, ya gabatar da dokar 1946. Ta fara aiki ran 5 ga Yuli 1948. Daga ranar Hukuma ce ta riƙa biya, daga asusun da ma'aikaci da maigida da gwamnati suke zubawa a wancan lokaci. Likitoci su duba mutum su kimanta naƙasarsa kashi kaza cikin 100, yadda ake yi wa tsofaffin soja, a biya shi gwargwadon haka, ko yana aiki ko ba ya yi.

A nan ne wata matsala ta ɓullo. Akawu da kafinta, in kowannensu ya rasa yatsu biyu, awon likita ɗaya ne. Amma akawu zai koma teburinsa da cikakken albashi, kafinta kuwa ya rabu da sana'arsa ke nan, sai gadi ko shara. Domin irinsa aka ƙara wani alawus na musamman ga wanda ba zai iya koma wa aikinsa ba, bai kuma sami wani mai lada daidai da shi ba. Mahaƙa kwal da ƙura ta cinye musu huhu, aka fito da su daga rami zuwa aikin waje mai ƙarancin lada, suna cikin waɗanda suka dogara da shi. Cikin dukan tsarin, wannan ne kaɗai ya dubi abin da ya fita daga aljihun mutum.

Gwamnatin Margaret Thatcher ta sake masa suna cikin 1986, ya zama alawus na raguwar lada, iyakarsa kashi 40 cikin 100 na abin da ake ba mai cikakkiyar naƙasa. Bayan shekara huɗu ta rufe ƙofarsa. Har yanzu ana iya nemansa, amma sai ga wanda hatsarinsa ya auku, ko ciwonsa ya soma, kafin 1 ga Oktoba 1990. Wanda ya ji rauni bayan wannan rana yana da kuɗin naƙasa bisa awon likita, galibi in ta kai kashi 14, amma ladan da ya ragu ba ya cikin lissafin.