Daga Akalar Jaki Zuwa Sitiyarin Babur: Tarihin Abin Hawa a Kadawa

Duk wanda ya ƙudurta ba da tarihin Kadawa da ƙasashen da ke maƙwabtaka da ita, wato Kura da Bunkure da Garun Malam, bisa al'ada da zancen ruwa yake farawa, kuma yana da hujja, domin ruwan madatsar Tiga ne ya mai da wannan yanki abin da ya zama a yau. Amma ruwa, komai albarkarsa, iyakarsa ya fid da amfani a gona. Ba ya ɗaukar buhun taki ya kai shi ƙarshen fili, ba ya kuma fitar da kwandon tumatir zuwa bakin titi kafin rana ta take. Saboda haka akwai wani tarihi na biyu da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da na ruwa, shi ne tarihin abin hawa, kuma a cikinsa akwai wata mas'ala ƙarama a ido, babba a ma'ana, wato siffar abin da mahayi ke riƙewa da hannuwansa biyu don ya sarrafa abin da ya hau.

A zamanin da, tun kafin a san sunan madatsar ruwa a ƙasar Kano, Kura ta shahara da rini, har turkuɗinta da baƙaƙen rawunanta masu ƙyalli suka zama abin nema ga Buzaye da sauran mazauna Sahara, kuma a bayan jakuna da takarkarai da raƙuma kayan nan ke fita. Noman rani kuwa a fadamu ake yinsa, mutum da jigonsa a bakin rafi, yana ɗebo ruwa guga-guga yana shayar da 'yan fangalinsa na albasa da tattasai. Abin da irin wannan gona ke bayarwa bai fi ƙarfin mangalar jaki ba, kuma jaki ba ya bukatar komai daga mai shi face akala da sanda da haƙuri. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, kuɗi suka fara zagayawa a ƙauyuka, sai basukur ya shigo hannun malaman hukuma da 'yan kasuwa, daga baya ya sauko ga manoma masu hali. Keken Raleigh, wanda ya zama abin alfahari ga duk magidancin da ya mallake shi, yana da sitiyari mai tsayi wanda ya lanƙwaso wajen mahayi, ta yadda dattijo zai zauna a miƙe da babbar rigarsa da rawaninsa, ya tuƙa cikin natsuwa da kamala, buhu na ɗaure a kariya. Wannan zama na miƙe shi ne mutanen ƙasar nan suka fara sabawa da shi, kuma shi suka nema a wurin babur sa'ad da lokacinsa ya zo.

Lokacin ya zo ne tare da ruwa. A zamanin Gwamna Audu Baƙo, wanda ya mulki Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, aka gina madatsar Bagauda, aka buɗe gonar gwaji a Kadawa, sa'an nan aka kammala babbar madatsar Tiga a kan Kogin Kano a 1974, daidai lokacin da mutane ke fita daga baƙin farin da ya halaka dabbobi da amfanin gona a farkon shekarun 1970. Masanan ƙasar Holan ne suka zana tsarin aikin ban ruwan, aka ƙudurta shayar da kimanin hekta 22,000 a kashi na farko, kuma daga 1976 Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ta zama mai kula da shi. Hikimar tsarin ita ce ruwa yana gangarowa da kansa daga Tiga, ba tare da inji ya tura shi ba, ya bi babban kanal, ya rabu zuwa rassa, rassan su rabu zuwa ƙananan magudanai, har ya isa gonar kowane manomi. Gefen kowane kanal kuwa akwai hanya ta ƙasa a bisa ganuwar da aka tara, wadda a wasu wurare mota ke iya bi, a wasu kuma, musamman can cikin filaye, ba ta wuce faɗin tafiyar mutum biyu ba.

A nan ne al'amarin ya sauya gaba ɗaya. Gonar da a dā ake nomawa sau ɗaya a shekara ta koma ana noma ta damina da rani, shinkafa da masara da alkama da tumatir da albasa suna bin juna, filaye suka yi nisa da gidaje, kuma kaya suka yi yawa har suka fi ƙarfin jaki ta fuskar sauri, suka fi ƙarfin keke ta fuskar nauyi. Tumatir musamman ba ya jira. Idan an tsinke shi da asuba, wajibi ne ya isa wurin masu saye, kamar kasuwar Kwanar Gafan da ke kan hanyar Kano zuwa Zariya, tun bai fara laushi ba, domin daga nan manyan motoci ke kwasarsa zuwa Legas da sauran biranen kudu. Sai kuma aka yi dace, wannan bukata ta zo daidai da zamanin arzikin man fetur da ƙarin albashin Udoji, sa'ad da malaman makaranta da malaman gona da akawuna suka sami kuɗin ariya a dunƙule a 1975, da yawansu suka sayi Honda da Suzuki da Yamaha, 'yan kasuwa da malaman birni kuma suka fi karkata ga Vespa. Malamin gona da ke zagaya filayen Kadawa a kan baburinsa ya zama abin koyi, manomin da ya sami ribar rani ya ce shi ma bai ga abin da zai hana shi ba.

Abin lura shi ne, ba kowane irin babur ne ya zauna a wannan ƙasa ba. Vespa, duk da kyawunta da tsabtar da take bai wa rigar mahayi, ƙananan tayoyinta ba su jure yashi da ramuka ba, saboda haka ta tsaya a birni. Wanda ya karɓu shi ne babur mai manyan tayoyi, mai doguwar kujera, mai sauƙin inji, irin Honda CG125 da aka fitar a 1975 musamman domin ƙasashen da hanyoyinsu ba su da kyau kuma gyara yake da wuya. Da darajar naira ta faɗi bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, sabon babur na Japan ya gagari talaka, aka koma ga na hannu, sana'ar acaɓa ta bunƙasa, sa'an nan baburan Sin irin su Jincheng suka cika kasuwa da araha, daga bisani Bajaj Boxer na ƙasar Indiya ya zo ya zama jakin wannan zamani. Da gwamnatin Kano ta hana ɗaukar fasinja a babur a cikin birni a watan Janairu na 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero, sana'ar ta ci gaba da rayuwa a ƙauyuka, inda babur bai taɓa zama abin ado ba tun asali. Sunayen kamfanoni sun sauya, ƙasashen da ake ƙerawa sun sauya, amma siffar sitiyarin ba ta sauya ba: ƙarfe ne guda ɗaya, mai faɗi, mai tsayi, wanda ya ɗan lanƙwaso baya.

Dalilin wannan yana bayyana ga wanda ya tsaya a bakin gona da sassafe a lokacin tsinkar tumatir. Za a kafa babur a kan ganuwar kanal, mutum ɗaya ya riƙe kansa, biyu su ɗaga kwando su aza a baya, a gitta katako, a ƙara wani, a ɗaure da igiyar roba har ta yi ƙara. Mahayi zai matso gaba har cinyoyinsa su rungumi tanki, domin nauyin da ke baya yana sa tayar gaba ta yi sako-sako, tana neman ɗagawa. Ga ruwa a dama, ga gangare zuwa gona a hagu, ga laka inda wani ya fasa ruwa da dare. A wannan hali, abin da ke tsakaninsa da faɗawa kanal shi ne faɗin sitiyarinsa, domin gwargwadon nisan hannuwansa biyu daga tsakiya, gwargwadon ƙarfin da yake da shi na mayar da taya kan hanya idan ta zame; kuma tsayin sitiyarin ne ke ba shi damar zama a miƙe, ya hango rami tun daga nesa, ya kuma sauke ƙafa da gaggawa idan bukata ta kama. Babu wani injiniya da ya zauna ya zana wannan domin Kadawa, amma Kadawa ce ta tace abin da aka kawo mata, ta riƙe mai amfani, ta bar saura.

Tare da babur wata sana'a ta kafu, wato kanikanci da walda da faci, har ya zama da wuya ka sami mararraba a wannan yanki da babu rumfar bakanike a gindin bishiya. Kayan gyara suna zuwa daga Kano, da yawansu kuma ta hannun 'yan kasuwar Nnewi, garin da ya zama cibiyar wannan ciniki a Nijeriya. Gyaran sitiyari yana cikin abin da yaron kanikawa ke fara koya, domin babu babur na gona da ba ya faɗuwa. Maigidan zai matse tayar gaba tsakanin gwiwoyinsa, ya zura dogon bututun ƙarfe a ɓangaren da ya lanƙwashe, ya danna a hankali yana duban ɓangaren da ke lafiya, har su daidaita; idan kuwa ya ga tsaga a gindin lanƙwasar, sai ya ce wa mai babur, "Malam, wannan ya gama aiki, a sa sabo," domin ya san ƙarfen da ya tsage a rumfa, a kan hanya zai ƙarasa karyewa.

A 'yan shekarun nan wata siffa ta dabam ta fara jan hankalin samari, ta hanyar hotunan da suke gani a waya da kuma manyan baburan gudu da 'ya'yan masu hali ke hawa a kan titin Kano zuwa Zariya. Wannan sitiyari ba guda ɗaya ba ne. Gajerun hannuwa ne guda biyu, kowanne da maɗaurinsa, ana ɗaure su kai tsaye a jikin sandunan shokozoba na gaba, ƙasa-ƙasa, ta yadda mahayi zai kwanta a kan tanki. Asalinsa filin tsere ne, irin gasar da ake yi a tsibirin Man tun 1907, daga nan samarin Ingila na shekarun 1950 da 1960 suka ɗauke shi suka sa wa baburansu na titi. Hikimarsa gaskiya ce a muhallinta: turjiyar iska tana ninkuwa huɗu duk lokacin da gudu ya ninku biyu, don haka wanda ke tsananin gudu yana amfana da sunkuyawa, kuma nauyinsa da ya koma gaba yana danne tayar gaba a cikin kwana. Amma abin da ya samu a can, ya biya shi a wani wuri, domin ƙarfin juya kan babur ya ragu, nauyin jiki ya sauka a wuyan hannu da wuya, ganin nesa ya taƙaita, juyawa a wuri mai ƙunci ta yi wuya.

Wanda ya mallaki babur na gudu, kuma a kan kwalta yake hawansa, idan ya yi nufin sauya irin waɗannan hannuwa, akwai sharuɗɗa da ya wajaba ya kiyaye. Na farko ya auna kaurin sandar shokozobarsa da ma'auni, ba da ido ba, domin akwai mai milimita 41, akwai 43, akwai 50, kuma maɗaurin da ya fi sanda faɗi ko da kaɗan ne ba zai riƙe ba, cusa masa gwangwani kuwa ganganci ne. Na biyu ya tabbata kaurin hannun ya dace da totur da makunnai da mariƙin birki da na kuloci, wanda a yawancin babura milimita 22 ne. Na uku, bayan an ɗaura, ya juya kan babur har ƙarshe dama da hagu, ya ga ko babban yatsansa na matsewa a jikin tanki, ko wayar totur da tiyon birki suna ɗamewa ko suna naɗewa. Na huɗu ya dubi ingancin ƙarfen, domin galibinsu na alminiyum ne, kuma na banza yakan tsage ba tare da gargaɗi ba. Araha ba ta ado, balle a wurin da rai ya rataya. Idan hannun ya lanƙwashe a faɗuwa, ba a miƙar da shi kamar na baƙin ƙarfe, sai dai a sauya ɓangaren da ya lalace. Wanda kuma zai yi doguwar tafiya, ya nemi mai ɗan tsayi, don ya sauƙaƙa wa bayansa.

Amma saurayin Kura ko Bunkure wanda baburinsa guda ɗaya ne, da shi yake kai taki, da shi yake ɗauko injin ban ruwa da jarkar mai, da shi yake kai mahaifiyarsa asibiti, shawarata gare shi ita ce ya bar sitiyarinsa yadda ya same shi. Ba na ƙin ado, kuma sha'awar ƙuruciya ba laifi ba ce. Sai dai malamai sun lissafa kiyaye rai cikin manyan manufofin shari'a, kuma mahayi ba ransa kaɗai ya ɗauka ba, akwai amanar wanda ya goya da ta wanda ke tafiya a gefen hanya. Haƙƙi ne kuma a kan kanikawa, waɗanda su ne malaman wannan fanni a ƙauyukanmu, su faɗa wa yaro gaskiya ko da za su rasa kuɗin aikin rana ɗaya, su tambaye shi hanyar da yake bi da kayan da yake ɗauka kafin su ɗora sifana a kan noti. Shekara hamsin na noman rani sun riga sun gwada siffofi iri-iri a kan waɗannan ganuwoyi, kuma hukuncin da suka yanke ya cancanci a girmama shi.