Haɗa farantan sola da batir a gida

Haɗa farantan sola da batir a gida hanya ce ta samar wa gida ko shago wutar lantarki daga hasken rana ba tare da dogaro da layin kamfanin wuta ba. Tsarin ya ƙunshi faranti mai mayar da haske zuwa wuta, da na'urar daidaita caji da ake kira kwantirola, da batir mai ajiye wutar, da inbata mai juya ta zuwa bolt 230 irin wadda kayan gida ke aiki da ita a Najeriya. A garuruwan Jigawa kamar Kafin Hausa da Dutse, magidanta da masu shagon cajin waya kan sayi kayan ɗai-ɗai su haɗa da kansu ko su kira mai gyaran wuta na unguwa. Yawancin matsalolin irin wannan tsari daga wurin haɗin suke tasowa, domin faranti kansa ba ya saurin lalacewa.

Yaɗuwarsa a Jigawa

Jihar Jigawa, wadda aka cire daga Kano a 1991, tana ƙarƙashin kamfanin rarraba wuta na KEDCO tare da Kano da Katsina, kuma akwai ƙauyuka da yawa da layin wuta bai kai ba. A farkon shekarun 2000, zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, wata ƙungiyar Amurka mai suna Solar Electric Light Fund ta sanya sola a wasu ƙauyukan jihar domin famfon ruwa da asibiti da makaranta da ƙananan sana'o'i. A lokacin kayan suna da tsadar da ta fi ƙarfin mutum ɗaya. Daga baya farashin faranti ya faɗi sosai a duniya saboda yawan ƙera shi a Sin, sannan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ya sa tayar da janareta ya gagari mutane da yawa. A Kafin Hausa, inda Jami'ar Sule Lamido take, akwai ƙarin buƙatar wuta ta ɗalibai da shagunan buga takardu.

Siris da faralel

A bayan kowane faranti akwai takarda mai nuna ƙarfin turin wutarsa da bolt, da yawan wutar da ke gudana da amfiya. Idan aka ninka bolt da amfiya ana samun wat. Ana haɗa faranti biyu ko fiye ta hanya biyu.

A haɗin da masu aiki ke kira siris, ana ɗaura wayar fositif ta faranti na farko da wayar negatif ta na biyu, kamar sarƙa. Nan bolt ne ke taruwa, amfiya ba ta canzawa. A haɗin faralel kuwa, fositif da fositif ake haɗawa, negatif da negatif, sai amfiya ta taru, bolt ya tsaya yadda yake. Misali, faranti biyu masu wat 300, kowanne yana ba da kusan bolt 33 da amfiya 9: a siris za su ba da bolt 66 da amfiya 9, a faralel kuma bolt 33 da amfiya 18. Wat ɗin ɗaya ne, amma abin da ke isa batir ya bambanta.

Dalili shi ne waya tana cin wani kaso na wutar ta mayar da shi zafi, kuma asarar tana ninkuwa sau huɗu duk lokacin da amfiya ta ninku sau biyu. Idan tsakanin rufi da kwantirola mita 10 ne, kuma aka yi amfani da wayar tagulla mai kaurin milimita 4 murabba'i, amfiya 18 za ta ɓatar da kusan wat 28 a hanya, amfiya 9 kuma kusan wat 7 kawai. Wannan ne ya sa aka fi son siris idan nisa ya yi yawa. Sai dai siris yana da rauninsa: inuwar bishiyar darbejiya ko ta tankin ruwa a kan faranti ɗaya tana rage wutar duk jerin. Haka nan idan aka haɗa manya da ƙanana a siris, mai ƙarancin amfiya ne zai janyo sauran ƙasa.

Kwantirola

Kwantirola iri biyu ce. Mai araha, wadda ake kira PWM, tana janyo bolt ɗin faranti ya sauko daidai da na batir. Idan aka sa mata farantin wat 300 ɗin nan a kan batir mai bolt 12, abin da zai shiga bai wuce amfiya 9 a bolt 14 ba, wato kusan wat 126. An biya kuɗin babban faranti an sami wutar ƙarami. Wannan kuskure ya yi yawa, kuma sau da dama ana ɗora laifin a kan mai sayar da faranti. PWM ta dace da ƙananan faranti masu ba da kusan bolt 18. Ɗaya nau'in, MPPT, tana karɓar bolt mai yawa ta juya rarar zuwa amfiya, don haka ita ake haɗa wa siris.

Kowace MPPT tana da iyakar bolt da za ta ɗauka, kuma ana auna shi da lambar Voc da ke kan takardar faranti, wato bolt ɗinsa lokacin da ba a ɗora masa kaya ba. Faranti uku masu Voc 40 a siris sun kai bolt 120, wanda zai ƙona kwantirola mai iyakar 100. Bolt ɗin faranti yana ƙaruwa idan ya yi sanyi, saboda haka safiyar hunturu ce lokacin da ya fi hauhawa, kuma ana barin rata domin ta.

Wajen ɗaurawa, batir ake fara haɗa wa kwantirola kafin faranti, domin daga batir take gane ko tsarin na bolt 12 ne ko 24. Wajen kwancewa kuma faranti ake fara cirewa. Inbata kai tsaye take shan wuta daga batir ta waya mai kauri kuma gajeriya: inbata mai ɗauke da kayan wat 1000 tana jan sama da amfiya 80 daga batir mai bolt 12. Ana sa fiyus a kan wayar fositif dab da batir. Ba tare da shi ba, idan wayoyi biyu suka gogu, batir na iya narkar da su ya tayar da gobara. Akwai kuma wayar bogi a kasuwa, alminiyam da aka shafa wa tagulla, wadda ke ɗaukar zafi da wuri.

Batir da zafi

Batirin dalma mai bolt 12 da amfiya-awa 200 yana ajiye kusan wat-awa 2400, amma rabi kawai ake so a riƙa sha idan ana son ya daɗe. Batirin mota, ko da yake shi ya fi sauƙin samu, an ƙera shi ne don tayar da inji na ɗan lokaci, kuma yakan mutu da wuri idan ana zuƙe shi kowane dare. Ba a haɗa sabon batir da tsoho, domin tsohon zai riƙa cin sabon. Nau'in da ake ƙara wa ruwa tataccen ruwan batir yake buƙata, ba na rijiya ko na leda ba, kuma yana fitar da iskar haidirojin mai kama wuta lokacin caji, don haka ba a ajiye shi a ɗakin kwana ko kusa da murhu.

Zafi ne babban abokin gabar batir a wannan yanki. An kiyasta cewa duk ƙarin digiri 10 a kan digiri 25 yana rage kusan rabin rayuwar batirin dalma, alhali a bazara, wajen Afrilu da Mayu, zafin Jigawa kan haura digiri 40, ɗakin kwano kuma ya fi haka. Batirin litiyam ya fi jure zuƙa kuma ya fi daɗewa, amma ya fi tsada, kuma dole ya kasance da allon kariyarsa da ake kira BMS.

Wurin kafa faranti

Kafin Hausa tana kusan digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, saboda haka ana fuskantar da faranti kudu da ɗan karkata na digiri 10 zuwa 15. Ba a karkata shi da yawa domin daga ƙarshen Afrilu zuwa Agusta rana takan bi ta ɗan arewa da tsakar ka. Ana barin fili tsakaninsa da kwano iska ta ratsa, tunda wutarsa tana raguwa idan ya yi zafi, a kuma ɗaure shi da ƙarfe sosai saboda guguwar farkon damina. Ƙurar hunturu tana rage wuta ƙwarai, shi ya sa ake wanke gilashin da ruwa da tsumma mai laushi da sassafe, kafin rana ta gasa shi.