Tarihin Motar da Ke Canza Giya da Kanta

Kai da ke jigilar kaya tsakanin Maraɗi da Jibiya, ko mai kai dabbobi kasuwar Illela, ka lura cewa motocin da ake saukewa a Kwatano yanzu, da yawansu ba su da kuloci? Totur ne da birki kawai. Wasu direbobin gudunsu suke yi, wai in atomatik ta lalace a daji sai dai a bar ta nan. To, wanda ya san asalin abu ya fi sanin yadda zai zauna da shi.

Labarin ya faro ne a Amurka. A shekarar 1939 kamfanin General Motors ya fito da giyabos mai suna Hydra-Matic, ya sa shi a motocin Oldsmobile. Giya huɗu gare shi, kuma ba kwamfuta ko ɗaya a ciki, mai ne ke yin aikin duka. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, har cikin tankokin yaƙi aka sa shi.

Yaya mai zai maye gurbin kuloci? Ka ajiye fanka biyu suna fuskantar juna, ka kunna ɗaya, za ka ga iskarta ta juya ɗayar. Haka abin yake, sai dai mai ne a tsakani maimakon iska: inji na juya fankar farko, mai na tura ta biyu, ita kuma ta kai ƙarfin ga tayoyi. Shi ya sa kake taka birki mota na kan giya, inji bai mutu ba.

Wajen canza giya kuwa, matsin mai iri biyu ne ke ja-in-ja: ɗaya na ƙaruwa da gudun mota, ɗaya da nauyin ƙafarka a kan totur. In na gudu ya rinjaya, sai giya ta hau. Wasu motocin farko suna da famfon mai na biyu wanda tafiyar tayoyi ke juyawa, don haka ana iya tura su su tashi. Daga baya aka cire shi. Ka ji dalilin da ya sa ko mutum goma suka tura atomatik ta yau, ba ta tashi.

Laifin wannan tsari shi ne shan fetur. Da man fetur ya yi tsada a duniya a 1973, sai masu ƙera motoci suka dage neman dabara. Tun 1969 kamfanin Renault na Faransa ya riga ya sa lantarki ya riƙa zaɓar giya a motarsa Renault 16. A 1981 Toyota ta sa 'yar kwamfuta a giyabos ɗin Crown. Daga nan hukunci ya bar hannun mai ya koma hannun kwamfuta.

Ga yadda take aiki. Akwai ƙananan na'urori da ake kira sansa, suna kai mata rahoton gudun mota, juyin inji, zafin mai, da yadda ka taka totur. Ita kuma sai ta aika wuta ga wasu ƙananan bawul, su buɗe wa mai hanya ko su rufe, man ya matse faifan giyar da ake so. In mota ta miƙe hanya, sai ta ɗaure fankokin nan biyu su juya tare, a rage asarar fetur. Da haka giya ta yi ta ƙaruwa: Mercedes ta kai bakwai a 2003, Lexus takwas a 2006.

To, ina ruwanka da wannan tarihi? Ai aljihunka ya shafa. In sansa ɗaya ta lalace ko waya ta tsinke, kwamfutar kan kulle mota a giya ɗaya, ta biyu ko ta uku, don ka lallaɓa zuwa gari ba tare da ɓarna ba. Direban da bai sani ba sai ya ce giyabos ya mutu, a kwance shi, kuɗin sa guda ya tafi, alhali waya ce. Tun 1996 motocin da ake sayarwa a Amurka suna da wata kafa a ƙarƙashin sitiyari inda ake jona na'urar bincike ta faɗi ciwon. Kafin bakanike ya ɗauki sifana, ka ce a jona ta. Haka ma ranar sayen mota, kafin ka ƙirga kuɗi.

Sai zafi, babban abokin gabar man giya. Lodi fiye da ƙima da murzar taya cikin yashi suna ƙona shi. Ka riƙa duba shi: in ya yi baƙi yana warin ƙuna, lokacin canji ya yi, kuma irin wanda aka rubuta wa motar za ka zuba. In ta mutu a hanya, kada a ja ta da igiya tafiya mai nisa, don famfon mai ba ya aiki in inji na kashe. A ɗora ta a kan wata motar ya fi.

Allah ya kiyaye hanya. Sai mun haɗu a shiri na gaba.