Hanyoyin Sauƙaƙa Bashi da Tasirinsu kan Samun Rancen Gida a Amurka

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci hanyoyi uku da mabarci ke bi a Amurka idan bashi ya yi masa katutu: tsarin biya sannu a hankali, sulhu a kan ragi, da ayyana karayar arziki a kotu. An auna kowace hanya da tambaya guda: yaushe mutum zai sake cancantar rancen sayen gida? Binciken ya gano cewa hanyar da jama'a suka fi jin kunyarta ba lallai ita ce ta fi jinkirta mallakar gida ba.

Gabatarwa

A Amurka, kamfanoni uku ne ke riƙe da tarihin bashin kusan kowane baligi: Equifax da Experian da TransUnion. Daga wannan tarihi ake fitar da makin FICO, wanda ke tsakanin 300 da 850. Kashi 35 cikin ɗari na makin ya rataya ne a kan biya a kan kari, kashi 30 kuma a kan yawan bashin da ke wuyan mutum. Dokar bayar da rahoton bashi ta 1970 ta ƙayyade cewa mummunan bayani zai zauna shekara 7, karayar arziki kuwa tana iya kaiwa shekara 10. An gina nazarin nan a kan wannan doka, da ƙa'idojin cibiyar rancen gidaje ta Fannie Mae da na hukumar gidaje ta tarayya, FHA, da kuma binciken masana tattalin arziki.

Tsarin biya da sulhu

Tsarin biya sannu a hankali ba shi da wani ruɗani. Ƙungiyoyin ba da shawara da ba na neman riba ba suna nema wa mabarci ragin kuɗin ruwa, ya biya uwar kuɗin gaba ɗaya cikin shekara 3 zuwa 5. Akan rufe katunansa na bashi, makinsa ya ɗan sauka, amma ba ya barin tabo mai zurfi.

Sulhu ne ya fi buƙatar a tsaya a kansa. Kamfanonin sulhu kan umarci mutum ya daina biyan masu binsa, ya riƙa tara kuɗi a wani asusu, har sai mai bin bashi ya gaji ya yarda da ragi. A zahiri abin kamar mafita ce mai rufin asiri, tunda ba a shiga kotu. Sai dai kowane wata da ya wuce ba biya, ana rubuta jinkiri a tarihinsa, na kwana 30, sai 60, sai 90, har a miƙa bashin ga masu karɓar bashi. Wato ɓangaren da ya fi nauyi a makin shi ake ci gaba da rauna wa, wata bayan wata. Mai bin bashi kuma ba a ɗaure masa hannu ba, yana iya maka mutum a kotu a tsakiyar tafiya. Bayan haka ga haraji: bashin da aka yafe wanda ya kai dala 600 ana kai rahotonsa ga hukumar haraji, kuma ana iya lissafa shi a matsayin kuɗin shiga. Cutar da aka yi wa mutane ta wannan hanya ce ta sa hukumar kasuwanci ta tarayya ta hana kamfanonin da ke talla ta waya karɓar lada kafin su cim ma sulhu, a shekarar 2010. Gaskiya ne Fannie Mae ba ta sa wa'adin jira na musamman ba ga wanda ya yi sulhu a kan katin bashi, amma mai ba da rance yana ganin jerin jinkirin ƙuru-ƙuru.

Karayar arziki

Babi na 7 na dokar karayar arziki yana share yawancin bashin da ba jingina a kansa cikin 'yan watanni. Bayanin yana zama shekara 10, amma jiran rancen gida bai kai haka ba: shekara 4 a ƙa'idar Fannie Mae daga ranar da kotu ta sauke nauyin, shekara 2 a ta FHA. Wannan bambanci tsakanin tsawon tabo da tsawon jira shi ne abin da mabarta da dama ba su sani ba, kuma rashin saninsa na sa su ɓata shekaru suna gudun kotu.

Babi na 13 tsarin biya ne a ƙarƙashin kotu na shekara 3 zuwa 5. FHA na iya ba mutum rance bayan shekara guda yana biya ba saɓawa, da izinin kotu. A wajen Fannie Mae kuwa, wanda ya kammala zai jira shekara 2, wanda aka kori ƙararsa saboda gaza biya zai jira shekara 4. Shiga ba tare da ƙarfin kaiwa ƙarshe ba asara ce biyu.

Binciken Will Dobbie da Jae Song na 2015 ya yi amfani da yadda ake rarraba ƙararraki ga alƙalai ba tare da zaɓi ba. Sun gano cewa samun kariyar Babi na 13 ya ƙara kuɗin shigar mutum da dala 5,562 a shekara, ya kuma rage haɗarin ƙwace masa gida da maki 19.1 cikin ɗari a shekara biyar. Wannan na da muhimmanci, domin ƙwace gida ne ke jawo jira mafi tsawo, shekara 7 a Fannie Mae, 3 a FHA.

Shawara

A ganin wannan marubuci, bai dace a bar kamfanin sulhu ya ƙulla yarjejeniya da kowa ba sai ya nuna masa a rubuce wa'adin jiran kowace hanya. Nijeriya, wadda ta kafa dokar rahoton bashi a 2017, na da damar shigar da irin wannan sharaɗi tun kafin kasuwar ta faɗaɗa. Ana kira ga Babban Bankin Nijeriya da ya duba hakan.