Baƙaƙen faci goma sha biyu

Ina ɗan firamare na fara ƙirga facin ƙwallo, kuma ba don son lissafi ba. Tamaular unguwarmu ce ta yage, aka aike ni wurin baduku. Yana juya ta a cinyarsa yana soka basilla, ni kuwa zaman jira ya ishe ni, sai na shiga ƙirge: baƙaƙe 12 masu gefe biyar-biyar, farare 20 masu gefe shida-shida. Na ɗauka ado ne kawai.

Sai bara ɗan ƙanena, mai koyon zane a kwamfuta, ya zo min da kuka. Ya ce, "Baba, kwana uku ina fama, ta ƙi rufuwa." Ashe so yake ya gina ƙwallo da faci masu gefe shida zalla, irin saƙar zuma. Na ce masa ko shekara zai yi ba za ta rufu ba. Kowace kusurwa ta mai gefe shida digiri 120 ce. Uku suka haɗu sun cika 360, wato shimfiɗa kamar tabarma. In aka cire ɗaya aka sa mai gefe biyar, mai digiri 108, jimlar ta koma 348. Wannan giɓin na digiri 12 shi ke lanƙwasa fata. Irin wannan mahaɗa 60 ne a jikin ƙwallon, ɗinki kuma layi 90. Lissafin masani Euler ya nuna cewa muddin faci uku-uku ne ke haɗuwa, masu gefe biyar da masu gefe shida, to masu gefe biyar ɗin dole su zama 12 cif.

Siffar ta girmi wasan nesa ba kusa ba. Tana cikin siffofi 13 da Arkimidis ɗan Girka ya bayyana a ƙarni na uku kafin haihuwar Annabi Isa. Rubutunsa ya ɓace, ta bakin Pappus na Iskandariyya labarin ya iso mana. Leonardo da Vinci ma ya zana ta a littafin Luca Pacioli da aka buga a 1509. Amma filin wasa bai san ta ba sai can daga baya. Ƙwallon da, fata ce ruwan ƙasa mai dogayen faci, wadda in ta sha ruwan sama sai ta yi nauyi, mai sa mata kai ya ji a jikinsa. Wani tsohon gola ɗan Danmak, Eigil Nielsen, mai kamfanin Select, shi ya fito da mai faci 32 a 1962. Adidas kuma ta kai ta gasar cin kofin duniya ta Meziko a 1970 da sunan Telstar, baƙi da fari don a gan ta sosai a talabijin marar kala. Da ita su Pele suka ɗauki kofi.

Hanyar da na nuna wa yaron ita ce wadda masu zane a kwamfuta suka saba bi. Ka fara da siffa mai fuska 20, kowace alwatika, mai tsini 12. Ka raba kowane gefe gida uku, ka datse tsinin kamar mai gyaran doya. Inda ka datse ya zama mai gefe biyar, alwatikar da ta rage ta zama mai gefe shida. A nan abin da ke hannunka yana da kusurwoyi, ba zai gangara ba. Sai ka yayyanka kowace fuska ƙanana-ƙanana, ka tura kowane ɗigo waje har nisansa daga tsakiya ya zama ɗaya da na sauran. Aikin famfo ke nan, lissafi ya yi shi. Malalata kan naɗa hoto ne kawai a kan dunƙule, shi ya sa za ka ga zanen ya tattare a sama da ƙasa.

Manyan gasa dai sun bar wannan ɗinki. Teamgeist, ƙwallon gasar cin kofin duniya ta 2006, faci 14 ce, an manne su da zafi ba zare. Jabulani ta Afirka ta Kudu a 2010 takwas ce, gololi suka yi ta ƙorafin tana kauce hanya a iska. Brazuca ta 2014 shida. A ganina babu wadda ta kama ƙafar Telstar wajen zama a ƙwaƙwalwa: ka ce yaro ya zana ƙwallo, ita zai zana.

Sai dai manya ma na kuskuren ɗan ƙanena. Allunan kan titi na Birtaniya masu nuna hanyar filin wasa, ƙwallonsu mai gefe shida ce zalla. A 2017 masanin lissafi Matt Parker ya tara sa hannun jama'a a gyara, gwamnati ta ƙi. In ka ci karo da hoton ƙwallo a rigar makaranta ko allon talla, tsaya ka ƙirga gefen baƙin facin.